Filin Tambaya da Amsa: Ta Ina 'Yan Ta'adda Ke Samun Labari Kafin Su Kai Hari?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka taru: yadda ƙungiyoyin ta'addanci ke tattara bayani kafin su kai hari, da yadda suke toshe nasu sirrin kada ya fita. Na zaɓi biyar. Akwai wanda ya nemi in zayyana masa dabarun ɓuya wa jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya, wannan kam ba zan yi ba. Abin da zan kawo shi ne abin da ya riga ya fito a gaban kotuna da kwamitocin bincike, don mai karatu ya gane abin da idonsa ke gani.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne. Duk lokacin da aka kai babban hari sai in ji an ce maharan sun san wurin ciki da bai. Suna da hukumar leƙen asiri ne irin ta gwamnati, ko dai sa'a suke taka wa?

AMSA: Ɗana, rabon sa'a a wannan harka kaɗan ne. Harin da aka gama cikin 'yan mintoci, sau da yawa an yi watanni ko shekaru ana kallon wurin kafin ranar.

Duba harin birnin Mumbai na Indiya da aka fara ranar 26 ga Nuwamba 2008. Mutum goma suka sauko daga teku, baƙi ne a garin, amma kai tsaye suka nufi babbar tashar jirgin ƙasa da otal ɗin Taj da na Oberoi da wata cibiyar Yahudawa. Cikin kwana uku aka rasa rayuka 166. Wanda ya share musu hanya ba ya cikinsu a ranar. David Headley ne, haifaffen Amurka, mahaifinsa ɗan Pakistan. Sunansa na asali Daood Gilani, a 2006 ya canja shi a hukumance don kada fasfonsa ya riƙa jawo tambaya. Sau biyar ya je Mumbai ya zauna tsakanin 2006 da 2008. Ya buɗe ofishi da sunan taimaka wa masu neman biza, ya sauka a Taj kamar kowane baƙo mai biyan kuɗin ɗaki, ya ɗauki bidiyo, ya shiga jirgin ruwa ya zaga gaɓar teku yana duba inda za a iya sauka. In ya gama sai ya koma Pakistan ya miƙa wa iyayen gidansa na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba. Ka lura, a duk wannan bai fasa ƙofar kowa ba, bai saci takarda ba. Kallo ne da hira da ɗaukar hoto, abin da kowane ɗan yawon buɗe ido ke yi.

Na Nairobi ya fi wannan tsawon haƙuri. Ali Mohamed tsohon hafsan sojan Masar ne, ya kuma yi aiki a sojan Amurka har ya kai saje. A watan Oktoba 2000 ya shaida wa wata kotu a New York cewa tun ƙarshen 1993 ya ɗauki hotunan ofishin jakadancin Amurka da ke Nairobi, ya zana taswira, ya rubuta rahoto, ya kai Khartoum. Ya ce Usama bin Ladan ya dubi hoton ya nuna inda mota za ta iya bi. Ba a tayar da bam ɗin ba sai ranar 7 ga Agusta 1998, kusan shekara biyar bayan hoton. Mutum 213 suka mutu a Nairobi, wasu 11 a harin da aka kai ofishin jakadancin Amurka a Darussalam ta Tanzaniya a rana guda, kuma mafi yawansu 'yan ƙasa ne da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Manyan ƙungiyoyi da ke riƙe da yankuna kuwa, e, suna da sashe na musamman. Na al-Shabab a Somaliya shi ake kira Amniyat. Na Da'ish, wani tsohon kanar a sashen leƙen asirin rundunar Saddam, mai laƙabin Haji Bakr, yana cikin waɗanda suka tsara shi. Bayan an kashe shi a garin Tal Rifaat na Siriya a Janairun 2014 aka sami takardunsa na hannu, mujallar Der Spiegel ta Jamus ta buga su a 2015. Tsarin shi ne a shiga gari a buɗe ofishin da'awa, a zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga masu zuwa karatu, a sa su rubuto manyan gidajen garin, da hanyar samun kuɗinsu, da masu makamai, da abin kunyar da wani ke ɓoyewa wanda za a iya riƙe shi da shi. Har da umarnin a auri 'ya'yan gidaje masu faɗa a ji. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: mutane sun zo neman ilimin addininsu da zuciya ɗaya, an mai da zaman nasu wurin ƙirga waɗanda za a kashe da farko.

Amma ga abin da nake so ka riƙe. Wanda zai leƙa dole ya fito fili, ya tsaya, ya dawo, ya yi tambaya, ya yi wa na gida ƙarya. A nan ne aka fi samun damar kama shi. Matan Headley biyu sun kai ƙorafinsa ga jami'an Amurka kafin harin, ɗaya a New York a 2005, ɗaya a ofishin jakadanci da ke Islamabad daga baya. Labari ya isa, ba a bi shi har ƙarshe ba. Sai a Oktoban 2009 aka kama shi a filin jirgin saman Chicago, aka yanke masa shekara 35 a 2013.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciya ce a sashen ɗaukar ma'aikata. Ana yawan cewa 'yan ta'adda suna da mutanensu a cikin hukumomi. Gaskiya ne, ko dai neman wanda za a ɗora wa laifi ne?

AMSA: Hajiya, gaskiya ne, ko da yake ana kuma fakewa da maganar don rufe sakaci. Da ɗan gari akan ci gari.

Ranar 24 ga Yuli 2019 wata mata makauniya ta tayar da bam a ofishin magajin garin Mogadishu ana tsakiyar taro. Ma'aikaciyar ofishin ce, an san ta, shi ya sa ta isa har ɗakin. Magajin garin, Abdirahman Omar Osman, ya rasu a asibiti a Katar bayan kwana takwas. Al-Shabab ta ce wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ta so samu, wanda ya bar ofishin ba da jimawa ba. Ke nan wani ya gaya musu zai zo. A wannan birnin dai, a Fabrairun 2016, kyamarar filin jirgin sama ta nuna ma'aikatan filin suna miƙa wa wani fasinja kwamfutar da ta fashe a jirgin kamfanin Daallo bayan ya tashi.

Kada ki ɗauka ƙananan ƙasashe kaɗai ke faɗawa wannan rami. Humam al-Balawi likita ne ɗan Jodan. Jami'an ƙasarsa sun kama shi a farkon 2009, suka yi zaton sun juya shi, suka tura shi Pakistan ya shiga cikin Alƙa'ida. Ya riƙa aiko da labarai masu daɗin ji, har ya nuna zai iya kai su ga Ayman al-Zawahiri, mataimakin Bin Ladan a lokacin. Ranar 30 ga Disamba 2009 aka shigo da shi sansanin CIA da ke Khost a Afghanistan ba tare da an caje shi a bakin ƙofa ba, don a karrama shi. Ya kashe ma'aikatan hukumar bakwai da jami'in Jodan da ke kula da shi da direban da ya kawo shi. Haka Ahmad Shah Mas'ud, kwamandan nan ɗan Afghanistan da ya tsira daga yaƙe-yaƙe na shekaru: mutum biyu da suka zo da sunan 'yan jarida ne suka kashe shi ranar 9 ga Satumba 2001, da bam a cikin kayan ɗaukar hoto, bayan sun yi ta jiran a ba su lokacin hira.

Duk waɗannan wuri ɗaya suka ratsa: an ɗauke wa wani binciken da ake yi wa kowa saboda an san shi, ko ana jin nauyinsa, ko ana ɗokin abin da ya kawo. Shawarata ita ce kada ki fara yi wa abokan aikinki kallon zargi, wannan rusa ofis yake yi. Ki tsaya a kan ƙa'idar da ba ta duba fuska, daga shugaba har mai shara. Ki kuma tuna ba duk mai fitar da bayani ne ya yarda da aƙidarsu ba. Wani bashi ne ya ci shi, wani an yi masa barazana da 'ya'yansa. Ma'aikatar da mutum zai iya zuwa ya ce an matsa mini ba tare da an kore shi ko an ɗaure shi ba, ta fi wadda kowa ke haɗiye damuwarsa tsaro.

TAMBAYA: Malam, ƙanin mahaifina manomi ne. 'Yan wata ƙungiya sun kashe shi, suka ce infoma ne, yana kai wa sojoji rahoto. Wallahi ko waya mai kyau ba shi da ita. Har yau wasu na raɗe-raɗin cewa da bai yi ba da ba a kashe shi ba. Suna da hanyar gane mai kai rahoto ne da gaske?

AMSA: Allah Ya jiƙan baffanka, Ya gafarta masa, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɗana, ka gaya wa masu raɗe-raɗin su ji tsoron Allah. Hukuncin waɗannan mutane ba hujja ba ce a kan kowa.

Bari in yi maka bayanin dalili. Ƙungiyar da ke ɓoye, mutum ɗaya mai magana ya isa ya rusa ta, kuma ta san haka. Don haka kullum a tsorace take. In jirgi ya kai musu hari, ko sojoji suka riga su isa wani wuri, dole a samo wanda za a ce shi ne. Ba su da alƙali mai zaman kansa, ba su da mai kare wanda ake tuhuma, azaba ce kayan bincikensu. Wanda ake gana wa azaba kuwa zai amsa abin da bai yi ba, ya kuma ambaci duk sunan da ya zo bakinsa, sai a je a kamo waɗannan su ma. Sannan a wurinsu ba lallai ne a dace da mai laifin ba. Abin da suke so shi ne duk wanda ya ga gawar ya kama bakinsa.

A Disamba 1972 'yan ƙungiyar IRA, masu yaƙin raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, suka ɗauke Jean McConville daga gidanta a Belfast, a Ireland ta Arewa. Mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya goma. Suka ce tana kai wa sojojin Birtaniya rahoto, suka harbe ta, suka binne ta a ɓoye, yaran suka watse a gidajen marayu. Sai a 2003 aka tsinci gawarta a bakin teku. A 2006 hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan yankin ta bincika, ta ce ba ta sami wata shaida cewa matar ta taɓa kai rahoto ba. Shekara talatin da huɗu 'ya'yanta suna ɗauke da irin maganar da ake yi a kan baffanka.

A wancan lokacin ita wannan ƙungiya tana da sashe guda da aikinsa shi ne farauto masu kai rahoto da yi musu tambayoyi kafin a kashe su. Daga baya ta bayyana cewa a cikin manyan sashen akwai ɗan leƙen asirin sojan Birtaniya mai laƙabin Stakeknife, wanda aka daɗe ana cewa Freddie Scappaticci ne, ko da yake ya musanta har ya mutu a 2023. Wato mai yanke wa mutane hukuncin cin amana shi ne babban mai kai rahoton. Laifin bai tsaya kan ƙungiyar ba. Rahoton binciken da ake kira Kenova, wanda ya fito a Maris 2024, ya ce mai yiwuwa rayukan da aka rasa saboda riƙe wannan mutum sun fi waɗanda aka ceta, domin akwai kisan da jami'ai suka san za a yi suka ƙyale don kada asirin mutuminsu ya tonu.

Manoman Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gonakin shinkafa na Koshebe a jihar Borno ranar 28 ga Nuwamba 2020, aka yi jana'izar 43 washegari, ɓangaren Shekau ya ce ramuwa ce don manoma sun kama wani ɗansu sun miƙa wa sojoji. Ko da hakan ta faru, mutum nawa ne suka yi? An kashe wanda aka samu ne don a tsorata wanda ba a samu ba.

Wannan tsoro yana cin su su ma. Ƙungiyar Abu Nidal ta Falasɗinawa ta kashe ɗaruruwan 'ya'yanta a Lebanon da Libiya a ƙarshen shekarun 1980 bisa zargin leƙen asiri, ba ta sake komawa ƙarfinta ba. Bin Ladan ya zauna a garin Abbottabad na Pakistan babu layin waya, babu intanet, ana ƙona sharar gidan, saƙo sai ta hannun manzo. A cikin wasiƙunsa da aka saki daga baya har da wadda yake fargabar ko likitan haƙori a Iran ya dasa wa matarsa na'urar bin sawu. Duk wannan kaffa-kaffa ta rage masa iko da mabiyansa, kuma manzon nan da ya dogara da shi, sawunsa aka bi har gidan ranar 2 ga Mayu 2011. In sun buɗe a gan su, in sun rufe aikinsu ya tsaya. Ba su da mafita daga wannan, sai dai su huce a kan marasa ƙarfi.

Ina da magana ga hukumomi a nan, kowace ƙasa ce. Ba daidai ba ne a yi ta kiran jama'a su kawo rahoto, sannan sunan wanda ya kawo ya fita kafin ya isa gida. Wanda ya ba da labari ya sa wuyansa da na iyalinsa. In ba za a iya rufa masa asiri ba, kada a zargi mutane don sun yi shiru.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai gadi ne, ba bindiga gare ni ba, sai sanda da tocila da littafin rubuta baƙi. Me irina zai iya yi?

AMSA: Malam, aikinka ya fi yadda ake ɗaukarsa. A Nairobi a 1998, maharan sun so shigar da motar ƙarƙashin ginin ofishin jakadancin. Masu gadi 'yan Kenya, marasa makami, suka ƙi buɗe shingen duk da barazana, motar ta fashe a waje. An yi asarar rayuka mai yawa, musamman a ginin da ke maƙwabtaka wanda ya rushe, amma maharan ba su kai inda suka nufa ba.

Ga kuma ɗaya gefen. Ranar 22 ga Mayu 2017 Salman Abedi ya kashe mutum 22 a wani zauren kaɗe-kaɗe a Manchester ta Ingila, da yawansu yara da matasa. Ya zo ya duba wurin fiye da sau ɗaya a kwanakin da suka gabata. A daren ya zauna kusan awa guda da ƙatuwar jaka a bayansa, a wani lungu da kyamara ba ta gani. Wani mutum da ya zo ɗaukar yarinya daga wurin ya tsargu da shi, ya tambaye shi abin da ke cikin jakar, ya je ya gaya wa mai tsaron wurin, kimanin minti goma sha biyar kafin fashewar. Ɗaya daga cikin matasan masu tsaron ya gwada kira a rediyo bai samu shiga ba, ya kuma shaida wa kwamitin bincike cewa ya ji tsoron a ce yana nuna wariyar launin fata in ya yi kuskure. Ban ga laifin yaron kamar na waɗanda suka ajiye shi a wurin ba tare da horo ba.

Don haka ka dubi hali, ka bar fuska da sutura da yare. Mutumin da ke dawowa ba tare da wata hulɗa da wurin ba. Mai tambayar ƙarfe nawa kuke canjin aiki, ku nawa ne da dare, wace ƙofa ce ba a kullewa, yaushe maigida ke fita. Mai ɗaukar hoton ƙofofi da kyamarori maimakon abin da mutane ke zuwa gani. Mai zuwa da sunan gyara alhali ba wanda ya kira shi. Ɗaya daga cikin waɗannan ba laifi ba ne, mafi yawan masu yinsu ba su da wata mugun nufi. Ka gaishe shi, ka ce ko akwai abin da zan taimaka maka da shi? Mai gaskiya zai ji daɗi, mai leƙe zai san an gan shi. Sannan ka rubuta rana da lokaci da lambar mota a littafin nan naka, ka gaya wa na sama da kai a ranar. Kada ka kama kowa da kanka, kada ka tara masa jama'a. Kuma tun yau ka tambayi shugabanka wa za ka kira in layin farko bai shiga ba.

TAMBAYA: Baba, in abu ya faru a gabana ina ɗauka in sa a Facebook don mutane su sani. Yayana ya ce in daina. Wa ke da gaskiya?

AMSA: 'Yata, yayanki ne, matuƙar abin bai ƙare ba. Maharan ma suna kallo. A wasannin Olamfik na Munich a 1972, 'yan sanda sun hau rufin ginin da aka yi garkuwa da 'yan wasan Isra'ila, talabijin na nunawa kai tsaye, masu garkuwar na gani daga ciki, dole aka janye. A Mumbai masu ba da umarni suna zaune a Pakistan gaban talabijin suna gaya wa maharan ta waya abin da jami'an tsaro ke yi, har Kotun Ƙolin Indiya ta caccaki tashoshin a hukuncinta na 2012. A Faris, ranar 9 ga Janairu 2015, wani ma'aikaci ɗan Mali mai suna Lassana Bathily ya ɓoye mutane a ɗakin sanyi na wani kantin Yahudawa, sai wata tasha ta faɗa a iska cewa akwai mai ɓuya a can alhali maharin yana cikin kantin. Waɗanda suka tsira sun kai tashar ƙara.

Ki nemi mafaka tukuna. Kada ki nuna inda jami'an tsaro suke ko inda mutane suka ɓuya, kada ki sa fuskar wanda ya ba da shaida ko ya nuna hanya. In kin ɗauki wani abu, ki ajiye shi a wayarki ki ba masu bincike. Bidiyon da ƙungiyar ta saki da kanta kuwa, kada ki tura wa kowa, don a yaɗa shi aka ɗauke shi.